Daga Kuka zuwa Rijiya, Taku Ɗari Biyu da Arba'in

Gagarawa,
Ranar Talata, sati biyu bayan ƙaramar Sallah.

Zuwa ga ƙanena Alhaji Sa'idu, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bana shekara hamsin da uku ke nan da aka komar da motoci hannun dama, shekarar da wani direba ya manta da sabuwar doka ya kifar da motar gyaɗa a hanyar Gumel, muka yi kwana biyu muna tsinta a cikin yashi. Kai lokacin shekararka tara, ba lalle ka tuna ba. Daga wannan shekara maganata ta samo tushe, amma bari in fara gaishe ka yadda ya kamata.

Ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya Hannatu da yara baki ɗaya, da abokan kasuwa. Allah ya ƙara rufin asiri, ya tsare ku a gida da hanya, ya ba ka lafiyar idon nan da na ji an ce yana damun ka. Mu a nan sai godiyar Allah. Zafi ya sauko da ƙarfinsa, rijiyar unguwa ta ja ƙasa har an ƙara wa guga igiya gaba biyu. Matata Laure tana fama da gwiwa, amma tana tashi. Ɗiyata Bilkis ta sauka lafiya a Sule Tankarkar, namiji, an sa masa sunan Baba, kuma goshin Baba ne da shi sak. Jar saniyarka ta haihu. Malam Sirajuddeen, wanda ya yi hedimasta, shi ke riƙe da biro, na kuwa gaya masa abin da ya fito daga bakina shi zai sa, ko bai yi masa daɗi ba.

Za ka ce me ya hana ni kira a waya. Wayar tana hannun ɗana Mannir, in ya miƙo mini sai ya tsaya a kaina, kai kuma da ka ce Yaya ya jiki, na ce da sauƙi, sai ka ce a ba ka Mannir. Ka san abin da ya same ni da kakar riɗi. Ƙafafu suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, in na kwanta numfashi ya gagara, sai a zaune da matashi uku a baya. Kwana goma sha ɗaya na yi a asibiti a Gumel. Likita ya ce zuciyar ce ta gaji, ba ta tura jini yadda ta saba, shi ya sa ruwa ke taruwa a jiki. Ya ba da ƙwayoyi, ya hana gishiri, ya ce in riƙa zuwa wata-wata. Bai ce a ɗaure ni ba. Kai ne ka kira Mannir ka ce kada a bar Yaya ya ɗaga ko buta, shi kuwa ya riƙe maganar baffansa kamar aya. Ya kulle kekena a shago, ya kwashe fartanya da gatari ya kai gidan surukansa. Masallacin da ke nan bayan gida, a babur ake kai ni, ina riƙe da kafaɗar ɗana. An shimfiɗa mini tabarma a gindin darbejiya, nan nake wuni, masu wucewa suna yi mini sannu. Na san ƙauna ce ta sa ka. Amma saurara ka ji inda ta kai ni.

Ka tuna Dogo, ɗan Gwaggo Naja'atu, taubashinmu, wanda ya girme ni da damina ɗaya kuma bai taɓa bari na manta ba. Shi ma ciwon ya kama shi, wata guda kafin ni. A kasuwar Maigatari ya yanke jiki ya faɗi, tsakiyar ciniki. To, tare muke zuwa ganin likita, mota ɗaya, benci ɗaya, muna zagin juna har a kira mu. Wata rana aka tara mu masu ciwon zuciya, mun kai mu arba'in maza da mata, wata malama mai suna Sharifa ta tsaya a gabanmu. Daga jami'a take, ba likita ba ce, aikinta sanin yadda jikin mutum ke yi in yana motsi. Ta ce a da, in zuciya ta gaji, kwanciya ake sa mutum. Daga baya aka bincika aka ga yawan kwanciyar yana ƙara kashe jiki, don naman ƙafa in bai yi aiki ba yakan zube, in ya zube kuwa ko taku goma ka yi sai zuciya ta yi wahalar taku ɗari. Ta ce in aka motsa jiki da ma'auni, kaɗan-kaɗan, a gaban mai lura, jiki yakan koyi yin aiki da ɗan jinin da zuciya ke iya turowa. Amma ta ce yawancin gwajin a wasu ƙasashe aka yi, kan mutanen da cimarsu da zamansu ba irin namu ba ne, ita tana so ta gani a kanmu. Za ta raba mu gida biyu. Rukuni ɗaya za su riƙa zuwa atisaye sau uku a sati har sati goma sha biyu, ɗaya kuma su ci gaba da shan magani kawai yadda suka saba, a ƙarshe a gwada a gani. Wanda bai so ba, ba dole. Na dangwala yatsa. Na ce a raina, in dai tafiya ce, ai an zo gidana.

Kafin rabon sai da ta gwada kowa. Ta ajiye kujera biyu a barandar asibiti, nesa da juna, ta maƙala mana wani abu a yatsa kamar abin shanya, ta ce a yi ta zuwa ana dawowa har minti shida, wanda ya gaji ya tsaya, ba tsere ba ne. Ta faɗa sau uku cewa ba tsere ba ne, don ta ga irin kallon da muke yi wa juna ni da Dogo. Na taɓa kujera sau goma sha ɗaya. Dogo takwas, ya kuma jingina da bango sau biyu yana haki. Ban yi mamaki ba. Mutumin da tun muna samari in za a je Maigatari a ƙasa sai ya ari jakin wani, ni kuwa na yi shekara talatin ina kora dabbobi a wannan hanya, in tafi da asuba in dawo a ranar. Duk hanyar komawa gida ina tambayar sa ko in goya shi.

Yanzu ga inda abin yake ci mini rai, Sa'idu. Rabon ba ita ke yi ba. Ambulan ne a liƙe, an jera su, wani can a Kano da bai san kowa ba shi ya rufe su, kowa ya zo a layi a ba shi na sama. Ni ne a gaba, Dogo yana bayana. Na kai bakin tebur, har ta miƙo hannu, sai na waiga na ga yayana a tsaye yana dafe da bango. Ka san yadda Baba ya rene mu, ba ka karɓar abu babba yana tsaye a bayanka. Na matsa gefe na ce, "Wuce gaba, tsoho, kada ka cika a layi a ce ni na tare ka." Aka yi dariya, ya wuce, ya karɓa. Aka buɗe, atisaye. Na karɓi na ƙasa, aka buɗe, zaman gida. Ambulan ɗina ya ɗauka, Sa'idu. Da hannuna na ba shi. Na ce wa malamar a musanya, tun da kowa ya ga ni ne a gaba. Ta ce ba a musanyawa, in aka fara zaɓe da son rai binciken ya lalace, kuma mu na zaman gida amfaninmu bai gaza nasu ba, don da mu za a auna su. Ka ji fa. Ni Barau, ni ne sandar da za a auna Dogo da ita. Ta ƙara da cewa in an gama, mu ma za a yi mana duk abin da aka yi musu. Ban ko saurari ƙarshen ba.

Daga nan fa sai abin ya zama kallo. Litinin da Laraba da Asabar, da sassafe, Dogo zai biyo ta gaban darbejiyata, alhali hanyar tasha ba ta nan take ba. An ba su takalmin kambas fari, da wani agogo mai ƙirga bugun zuciya. Zai tsaya ya ɗaga hannun riga ya duba agogon a gabana, mutumin da bai san ɗaya ba a boko, sannan ya tambaye ni ko akwai saƙo zuwa Gumel. In ya dawo kuma nan zai zauna ya ba ni labarin da ban tambaya ba. Wai akwai keken da ake tuƙawa ba ya zuwa ko'ina. Wai sai an fara ɗumama jiki a hankali, a gama kuma a sauko a hankali, ba a tsayawa farat ɗaya. Wai ma'aunin shi ne ka yi tafiyar da za ka iya hira a cikinta, in magana ta fara yankewa ka rage. Wai suna ɗaga gorar ruwa cike da yashi, suna tashi daga kujera su zauna sau goma. Na ce masa wannan ai wasan yara ne aka tara dattawa ana yi. Ya ce haka ne, shi ya sa ba a ɗauki jarirai masu kwana a tabarma ba. Satin farko a adaidaita sahu yake zuwa asibitin daga tashar Gumel. Wajen sati na shida ya ce da ƙafa yake ƙarasawa. Ban yarda ba sai da direbanmu ya shaida. Kafin azumi na ga Dogo da idona ya ɗauko ƙunshin kara a ka daga bayan gari. Laure ma, matata, ta leƙo ta ce kai, Malam Dogo ya koma saurayi. Ranar ban ci tuwo ba, na ce miyar ba gishiri, alhali wata huɗu ke nan ba gishirin.

Da sati goma sha biyu suka cika aka sake tara mu a barandar nan, kujerun nan dai. Dogo ya taɓa sau goma sha uku, bai jingina ba, yana tafe yana gaisawa da masu jinya. Ni tara, kuma na tsaya sau ɗaya, don idona ya yi duhu. Malama Sharifa ta rubuta. Ta tambaye ni yadda nake wuni, na gaya mata. Ta ɗaga kai ta dubi Mannir ta ce ita cewa ta yi a ci gaba da harka yadda aka saba, ba ta ce a hana ni zuwa masallaci da ƙafa ba. Mannir ya ce umarnin baffansa ne. Ta ce bayan Sallah za a fara da rukuninmu, sunana yana ciki, likita ma ya duba ni ya amince. Mannir ya ce sai ya ji daga gare ka. Ni kuma, don kada in ɓoye maka laifina, na ce ko an bar ni ba zan zo ba, ba na cin ragowar Dogo, ba na hawa keken da ya jiƙe da guminsa. An fara sati biyu ke nan. Ban je ba.

Da a nan abin ya tsaya, da ban ɓata wa Malam tawada ba. Koma shekarar da na faɗa maka da farko. A wannan shekara aka yi rikicin burtali, hanyar shanun nan da ta taso daga wajen Sule Tankarkar ta bi ta yamma da gonar Baba ta nufi Maigatari. Manoma sun ci gefenta, Fulani suka kora shanu cikin gero, aka fasa wa mutum biyu kai. Tsohon dagaci ya tara dattawa da arɗo, aka fita aka sake tsaga iyaka. Ba igiyar awo, sai aka ce a sami saurayi mai daidaitaccen taku. Baba ya turo ni. Ni na taka burtalin nan daga farko har ƙarshe, ana ƙirgawa da ƙarfi, duk inda aka tsaya a haƙa rami a binne fasasshen dutsen niƙa. Wuri tara. Mafarin lissafin, daga kukar bayan gari zuwa tsohuwar rijiya, taku ɗari biyu da arba'in. Daga rijiya a juya gabas, taku ɗari uku, nan dutsen farko yake, nan kuma gonar Baba ta fara, ɓangaren da ya faɗo a rabonka. Sauran takwas ɗin duk lissafinsu yana kaina. Mu goma sha huɗu muka fita ran nan, yau ni kaɗai na rage. Dogo yana cirani a Damagaram a shekarar, bai ga komai ba. Itatuwan da muka yi shaida da su an sare, yashi ya rufe duwatsun, amma duk bazara nakan je ni kaɗai in taka daga kuka zuwa rijiya, don in tabbata ma'aunin yana nan. Har bara, in ya ƙaru, da huɗu ne ko biyar.

To, bana hukuma ta ce za a kafa turakun siminti a burtalin, bayan babbar Sallah kafin a yi shuka. In aka kafa kuwa an kafa ke nan, jikokinmu da su za su tashi. Dagaci na yanzu ya zo har darbejiya ya gaishe ni, ya zauna, ya yi ta kewaye-kewaye. Ƙarshe ya ce ya san ni ne mai abin, amma an gaya masa ba a yarda in taka ba, tafiyar kuwa ta wuni ce a cikin yashi. Ya ce Malam Dogo ya ce shi ma ya san wuraren, kuma ga shi Allah ya ba shi lafiya, sai in faɗa masa lissafin shi ya shiga gaba. Ko kuma a ɗora ni a amalanke in bi su a baya ina nuni. Sa'idu, a amalanke, kamar buhun gero, Dogo yana gaba da farin kambas, ma'aikata suna rubuta abin da ya ce. Na ce wa dagaci zan yi shawara. Da ya tafi na juya fuskata bango har la'asar.

Ranar Alhamis da ta wuce Mannir ya tafi kasuwar Maigatari, Laure tana wajen suna. Na ɗauki sanda na fita ta bayan gida. Na isa kuka da ƙyar, na huta, na yi bisimilla na fara ƙirga. Na kai ɗari biyu da arba'in na ɗaga kai, rijiya tana can gaba, ta fi jifa biyu. Na ce ko na yi kuskuren ƙirga ne, alhali na san ban yi ba. Takun ne ya gajarce. Wata biyar a tabarma sun cinye ma'aunin da na riƙe shekara hamsin da biyu. Haushi ya sa na ƙara sauri, wajen ɗari biyu da casa'in ƙirjina ya ɗaure, numfashi ya tsaya a wuya, na zube a gindin wata aduwa. Ina nan zaune ina salati sai ga fararen takalma a gabana. Ashe nan yake zuwa yin tafiyar da aka ɗora masa ta gida, kuma na gane yana zuwa ne yana leƙen wuraren duwatsun, ko zai dace. Bai yi dariya ba, wannan na ba shi. Ya jingina ni da itace, ya kwance mini wuyan riga, ya kama wuyan hannuna da yatsa biyu yana duban agogo, ya tambaye ni ko ciwon yana tafiya hannu ko muƙamuƙi. Na ce a'a. Ya ce in yi ta jan numfashi ta hanci, in bai lafa ba kafin ya ƙirga kaza zai tafi neman mota. Ya lafa. Sai da ya ga na dawo daidai sannan bakinsa ya dawo. Ya ce a wurinsu ko tsofaffin mata sun san ba a fita da tsakar rana, ba a kuma farawa da gudu.

Ya tambaye ni nawa ne daga kuka zuwa rijiya. Ban san abin da ya sa na faɗa masa ba, wataƙila rashin ƙarfi. Ya koma kuka ya tako, ina kallo, yana ƙirgawa da ƙarfi. Ɗari biyu da shida ya dafa bakin rijiya. Ka san ƙafafunsa, ba banza aka sa masa Dogo ba. Muka dubi juna, kowa ya gane. In shi ya taka ɗari ukun nan na gabas, zai wuce dutsen ya cinye kunyoyin shuka masu yawa a gonarka, haka kuma gonakin mutum takwas da ke gaba. In ni na taka da wannan takun nawa na yanzu, zan tsaya kafin dutsen, burtali ya tsuke, a zalunci Fulani, a koma fasa kai. Na ce to ya je ya gaya wa dagaci gaskiya, bai san komai ba. Ya ce shi ba zai mayar da girman da aka ba shi ba, shekara hamsin ana cewa a tambayi Barau, bana kaɗai aka ce a tambayi Dogo. Ya ce, "In ka iso ranar da ƙafarka, zan koma bayanka in riƙe maka buta. In ba ka iso ba, da takuna za a kafa." Sannan ya ce Malama Sharifa tana kiran sunana duk ranar atisaye, kuma ta roƙe shi ya riƙa zuwa yana nuna wa sababbi yadda ake hawa keken, don ya fi kowa iyawa. Ya rako ni gida a hankali, muna tsayawa, bai gaya wa kowa ba har yau.

Malam Sirajuddeen ya ajiye biro yanzu ya ce wai ai da igiyar awo za a iya auna kuka zuwa rijiya, a raba, a fitar da tsawon takuna na da, ba sai na taka ba. Na ce ya ɗauki bironsa. Igiya ba ta san inda aka karkata don a kauce wa kabarin wata bafulatana ba, ba ta san inda tudu ya sa taku ya ragu ba, ni ma sai ƙafata ta hau wurin nake tunawa. Kuma ko da igiyar za ta iya, ba zan ɓoye maka ba, ba na so a ce ranar da aka kafa iyakar garin nan ina kwance, Dogo ne a gaba. Na yi istigfari a kan wannan, bai fita ba. Mutumin nan ya riƙe hannuna a gindin aduwa kamar ɗan'uwa, kuma har yanzu in na tuna takalman nan sai in ji wani abu ya tokare ni. Allah ya yafe mini.

Abin da nake nema a wurinka ɗaya ne. Kai ka ɗaura, kai za ka kwance. Ka kira Mannir ka ce ka janye maganarka. Yaron nan tsoro yake ji, kada in faɗi a ce shi ya yi sakaci bayan baffansa ya yi gargaɗi. Ka gaya masa ba gona na ce zan koma ba, wurin masu awo za ni, inda ake duba jini kafin a fara, a duba bayan an gama, likita yana kusa. Maganina ina sha, ban taɓa tsallakewa ba. Sati bakwai ne ko takwas suka rage kafin turakun. Ban sani ba ko za su isa, malamar ma na san ba za ta yi mini alkawari ba, ba ta yin alkawari. In kwana ya ƙare, a tabarma ma zai same ni, kuma ka sani ban ga alamar tabarmar tana ƙara mini kwana ba. Takardar nan za ta biyo direban da ke ɗaukar shanu daga Maigatari jibi Alhamis. Na san kafin ta iso ka Mannir ya riga ya kira ka yana cewa Baba ya gudu. Kada ka yi masa faɗa, kada kuma ka yanke hukunci sai ka karanta.

Ka gaishe mini da Hajiya Hannatu da kyau, ka ce na ga zumar da ta aiko, na gode. Ka gaishe da Abdulganiyu da iyalinsa, da Safinatu da maigidanta, da Ummulkhair, Allah ya ba ta sa'ar karatu. Ka gaishe da Alhaji Ismail maƙwabcinka da duk mutanen Gumel da ke wurinku. Laure tana gaishe ku, Mannir da matarsa ma, ko da yake bai san da takardar ba. Malam Sirajuddeen ya ce in sa gaisuwarsa.

Gobe Laraba, in Allah ya kai mu, in na idar da asuba ba zan koma tabarma ba. Zan sha maganina, in gaya wa Mannir ido da ido inda za ni, in ya ga dama ya biyo ni. Zan taka zuwa tasha a hankali, ina hira da duk wanda na samu a hanya, in magana ta fara yankewa in tsaya. Zan shiga motar farko, na san wanda zan tarar a kujerar gaba. In mun isa zan ce wa malamar ga Barau ya zo, a yi masa afuwa. Zan hau keken, Dogo ya tsaya a kaina yana koya mini inda ake sa ƙafa, a gaban mata da maza. Ya faɗi duk abin da ya ga dama, zan haɗiye. Ni dai a mayar mini da takuna kafin babbar Sallah.

Wassalam. Ni ne yayanka,
Barau.